Idan jijiyar zuciya ta toshe

Yara, kowa ya dunƙule hannunsa, ya dube shi da kyau. Girman zuciyarka ke nan, ko kusa da haka. Yanzu ka aza dunƙulen a tsakiyar ƙirji, ka ɗan karkata shi wajen hagu. A nan take zaune, bayan ƙashin ƙirji, tsakanin huhu biyu. Nauyin ta babban mutum wajen giram 300 ne, bai kai rabin kilo ba.

Zuciya tsoka ce, kuma aikinta guda: ta matse, ta saki. Duk lokacin da ta matse sai ta tura jini cikin jijiyoyi. Idan babban mutum yana zaune tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Taku ta yara ta ɗan fi sauri. A wuni da kwana tana bugawa kamar sau dubu 100. Jinin jikin babba wajen litar 5 ne, kuma a minti guda zuciya tana tura kusan dukansa. Ku lissafa: a minti 4 ta cika garwar mai ga-ruwa. Kafin gobe war haka ta tura litar dubu 7, wato tano 35 na litar 200. Ba ta san Lahadi ba, ba ta san hutun makaranta ba.

Mutane sun daɗe ba su gane wannan aiki ba. Wani likita na birnin Alƙahira, Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a 1288, shi ya bayyana yadda jini ke fita daga zuciya ya ratsa huhu ya komo. A 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya nuna cewa jini zagaya jiki yake yi, zuciya ce ke kora shi.

To, ga tambaya. Zuciya tana kai wa kowace gaɓa abinci da iskar oksijan. Ita wa ke kai mata?

Za ku ce ai cike take da jini. Haka ne, amma jinin da ke cikin ɗakunanta huɗu wucewa yake yi, ba ya ratsa bangonta mai kauri. Tana da nata jijiyoyi daban. Kun ma taɓa ganinsu. Ranar Sallar layya, in an feɗe rago, ku roƙi a ba ku zuciyar kafin a kai ta wuta. Ku wanke ta, ku duba bayanta. Za ku ga farin kitse a sama, da waɗansu siraran jijiyoyi suna gangarowa suna yin rassa. Su ne. Manyan guda biyu ne, ta dama da ta hagu, ta hagun kuma ta rabu biyu. Dukansu daga gindin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya suka taso. Da yake sun naɗe zuciya, likitoci suka ba su suna daga kalmar Latin mai nufin kambin sarauta. Da Faransanci ana ce musu "artères coronaires". Ni a aji jijiyoyin rawani nake ce musu. A jikin mutum faɗin kowace milimita 3 ne zuwa 4, kamar ƙaramin tsinken alƙalami. Ran mutum duka a kan waɗannan ƴan hanyoyi ya rataya.

Wanda ya taɓa shiga garkar albasa a Galmi ko a bakin Gulbin Maraɗi zai gane sauran da sauƙi. Inji yana jawo ruwa, ruwan ya bi babbar hanya, ya rabu ƙananan hanyoyi, kowace ta shayar da nata fangali. In laka ta toshe hanya ɗaya, fangalin da ke gabanta ne zai bushe, sauran suna nan kore shar. In kuwa toshiyar kusa da injin take, rabin garka ya tafi. Haka zuciya take. Kowane reshe yana da yankin tsokar da yake shayarwa, kuma sau da yawa ba wata hanyar kirki da za ta kai jini wurin in reshen ya rufe.

Ba dare ɗaya jijiya ke lalacewa ba. Cikinta sumul yake lokacin ƙuruciya. Sannu a hankali hayaƙin taba, da hawan jini, da yawan sukari cikin jini suna ƙuje fatar cikin. Wani irin maiƙo da ke yawo cikin jini, ana ce masa kolestarol, sai ya riƙa kutsawa ta wurin ƙujewar, yana taruwa cikin bangon jijiyar. Jiki ya rufe shi da wata ƴar fata. Sai ya zama kamar ƙurji mai ɗiwa a ciki, yana girma shekara da shekaru, hanyar jini tana ƙara matsewa. Abin yakan fara tun mutum yana saurayi. Ba zafi, ba alama. Shekara ashirin, shekara talatin, mai shi yana ta harkokinsa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tela ne a Damagaram. Ya kusa shekara 60 lokacin da abin ya same shi. Yana shan sigari tun yana samartaka, kuma an taɓa gaya masa yana da hawan jini, abin da mutanenmu ke ce wa tansiyo. Ya sha magani wata biyu, ya ji garau, ya bari. Kafin ranar da watanni, in ya taso daga Zango zuwa Birni da ƙafa sai ya ji ƙirjinsa ya ɗaure. Ya tsaya a inuwa minti biyu ko uku, abin ya sake shi, ya ci gaba. Yana cewa tsufa ne.

Ba tsufa ba ne. Tafiya tana sa zuciya ta ƙara aiki, ta nemi ƙarin jini. Hanyar da ta matse tana iya ba ta abin da ya ishe ta a zaune, amma ba ta iya ba ta na tafiya. Tsoka ta yi kuka, mutum ya huta, kukan ya lafa. Wannan gargaɗi ne, kuma wanda ya kai shi wurin likita tun a nan ya yi wa kansa gata.

Wata Asabar da hantsi Kawu yana kan keken ɗinki, bai ɗauki kaya ba, bai yi gudu ba, sai ciwon ya zo. Wannan karo ya zauna bai tafi ba, ya kwanta bai tafi ba. Matarsa ta ce kumburin ciki ne, ta jiƙa masa kanwa. Wani maƙwabci ya ce iska ce, a kawo turare. Ƴarsa ta ƙarshe, yarinya mai shekara 12, ita ce ta dubi fuskarsa, ta ga zufa tana zuba ga shi kuwa lokacin ɗari ne. Ba ta tambayi kowa ba, ta sheƙo gidana da gudu.

Da na shiga na ce, "Kawu, sannu. Ina ke ciwo?"

Bai nuna da ɗan yatsa ba. Ya dunƙule hannu ya aza a tsakiyar ƙirji, ya ce, "Ɗana, kamar an ɗora mini buhun hatsi. Ga shi yana bin hannun nan har muƙamuƙi."

Bari mu bar Kawu a kan tabarma, mu leƙa cikin ƙirjinsa.

Ƴar fatar nan da ta rufe maiƙon ce ta tsage. Maiƙo ya haɗu da jini. A cikin jini akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu aikin toshe rauni. Su ne ke tsayar da jini in ka yanke da reza. Ba su da ido, ba su san a cikin jijiya suke ba. Sun ga rauni, sai suka taru a kai, suka manne da juna, zaren jini ya ɗaure su. Cikin ƴan mintoci gudan jini ya cika hanyar, ya rufe ta ruf. Abin da ke ceton ɗan yatsa shi ne ya shaƙe zuciya. Wannan shi ne abin da ake kira "crise cardiaque" ko "infarctus" da Faransanci. A rediyo za ku ji an ce bugun zuciya.

Tsokar da ke gaban toshiyar ba ta da rumbun oksijan. Ɗan abin da ke gare ta yana ƙarewa cikin daƙiƙoƙi. Sai ta koma ƙona sukari ba tare da iska ba, irin abin da cinyoyinku ke yi in kun yi tseren da ya fi ƙarfinku. Wannan ƙuna tana barin tsami, kuma ba jinin da zai wanke shi. Cikin minti ɗaya ko biyu wannan yanki ya daina matsawa. Bai mutu ba tukuna, ya dai sume. Da hanyar za ta buɗe a nan, da ya farfaɗo. Amma bayan minti 20 zuwa 30 ƙwayoyin tsoka suna fara mutuwa. Mutuwar daga cikin bango take farawa, ta riƙa cin gaba zuwa waje kamar wutar daji mai tafiya sannu. Awa ɗaya, an yi asarar kaɗan. Awa uku, an yi asarar da yawa. Bayan awa 6 zuwa 12, yawancin yankin ya tafi.

Abin da na fi so ku riƙe ke nan. Ciwon ba faɗuwar katanga ba ne, da za a ce ta riga ta faɗi. Gobara ce da ke ci, kuma ana iya kashe ta da sauran ɗakuna a tsaye.

Me ya kawo hannu da muƙamuƙi cikin zancen? Zuciya ba ta da hanyar kai ƙara ta kanta. Jijiyoyin jin zafi nata suna shiga laka, cikin ƙashin baya, a wuri ɗaya da na ƙirji da na hannu. Saƙo ya isa ƙwaƙwalwa, ita kuwa ta saba da ƙarar hannu, ba ta saba da ta zuciya ba, sai ta ce hannu ne. Shi ya sa wani ke jin ciwon a kafaɗa, wani a wuya, wani a tsakiyar baya, wani a ƙahon zuci har ya rantse gyambon ciki ne. Zufa mai sanyi kuwa jiki ne ya tsorata, ya sako sinadarin da ke shirya mutum gudu ko faɗa. Fata ta yi fari-fari, tafin hannu ya yi sanyi. Waɗansu suna jin tashin zuciya har su yi amai. Numfashi ma yakan yi wuya: famfo ya rage ƙarfi, jinin da ke zuwa daga huhu ya rasa mai kwashe shi, ya taru, ruwa ya fara tsattsafowa cikin huhun. Irin wannan majinyaci ba ya son kwanciya, ya fi son a jingina shi.

Ba kowa ke jin buhun hatsin nan ba. Mata, da tsofaffi, da masu ciwon sukari, sau da yawa abin da suke ji shi ne gajiya ta farat ɗaya, ko haki, ko jiri, ko ciwon ciki kawai. Kaka za ta ce, "Jikina ne ba daɗi," ta ja mayafi. Irin nasu ya fi saurin ɓacewa mutane.

Mun jingina Kawu, muka kwance masa wuyan riga, muka hana shi tashi. Ya so ya taka da kansa zuwa bakin hanya, don kada maƙwabta su gan shi a ɗauke. Muka ƙi. Kowane taki ƙarin aiki ne ga zuciyar da ke neman taimako. Wani mai mota a unguwa ya kai mu asibiti. Tambayar farko da likita ya yi ita ce, "Ƙarfe nawa ya fara?" Manya suka dubi juna. Yarinyar ta ce, "Ana gama labarun rediyo." Likita ya dubi agogo, ya rubuta.

Aka liƙa masa wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, wata na'ura ta zana bugun zuciyarsa a doguwar takarda. Zuciya tana da ɗan lantarkinta, shi ke ba ta umarnin bugawa, kuma tsokar da ta rasa jini tana sauya zanen. Wani masani na ƙasar Holan, Willem Einthoven, shi ya ƙera na'urar farko mai kyau ta wannan aiki a farkon ƙarni na 20, aka ba shi kyautar Nobel a 1924. Aka kuma ɗebi jininsa, domin ƙwayar tsoka in ta mutu takan fashe, wani sinadari mai suna toroponin ya zubo cikin jini, a gan shi a awo. Aka ba shi asfirin ya tauna. Asfirin ɗin da kuka sani, na ciwon kai, yana hana ƙwayoyin toshe rauni ƙara mannewa. Amma ku ji da kyau: ma'aikacin lafiya ke cewa a ba da shi, domin yana iya sa mai gyambon ciki zubar jini, kuma ba a ba yara shi haka kawai.

Akwai hanya biyu ta buɗe jijiyar. Ta farko allura ce mai narkar da gudan jini, wadda ta fi aiki a awoyin farko. Ta biyu a manyan asibitoci masu kayan aiki ake yin ta. Ana zura siririn tiyo ta jijiyar wuyan hannu ko ta cinya har zuwa zuciya. A bakinsa akwai ƴar balan-balan, a hura ta daidai wurin da ya toshe, a bar ɗan zoben waya ya tokare hanyar. Wani likita Bajamushe, Andreas Grüntzig, shi ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a birnin Zurik na ƙasar Suwis a 1977. Zoben waya kuwa an fara sa shi a 1986. Kafin 1912, lokacin da likita James Herrick na birnin Shikago a Amurka ya rubuta cewa mutum yana iya rayuwa bayan jijiyar zuciyarsa ta toshe, yawancin likitoci sun ɗauka mutuwa ce nan take.

Kawu ya kwana goma a asibiti, ya komo gida. Abin da ya mutu na tsokarsa bai dawo ba. Fata in ta yanke tana tofowa, ƙashi in ya karye yana haɗewa, amma tsokar zuciya ba ta sake fitowa. Jiki yana kwashe matattun ƙwayoyi, ya cike gurbin da tabo cikin sati 6 zuwa 8. Tabo yana da ƙarfi, yana riƙe bango, amma ba ya matsawa. Sauran tsokar ce ke ɗaukar aikin duka. Girman tabon shi ke faɗin yadda mutum zai rayu bayan haka: mai ƙaramin tabo ya koma gona, mai babba ya riƙa haki daga ɗaki zuwa zaure. Kawu ya koma ɗinki, sai dai da rana yakan bar wa yaron shago taka keken. Sigari kuwa ya bar shi tun a gadon asibiti, maganinsa kuma kullum yana cikin aljihu.

Da mutane suka zo gaisuwa, da yawa sun ce ɓacin rai ne, wai wani ya hana shi kuɗin ɗinki. Harshenmu ne ke jawo wannan. Da Hausa zuciya ita ce mai fushi, ita ce mai haƙuri, ita ce mai ƙuna, har in an ce wane yana da ciwon zuciya ba ka san ko likita zai nema ko mai ba shi haƙuri ba. Gaskiya ne babban tashin hankali yana iya zama sanadin ranar. Amma maiƙon da ya tsage ya yi shekara talatin yana taruwa, kuma ba mai bashi ya tara shi ba. Taba ce, da hawan jinin da aka bar wa magani, da ciwon sukari, da ƙiba, da yawan zama, wani lokaci da gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba, har da wanda ke cikin dunƙulen miya na kanti. Ta kuma ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18 a duniya, fiye da kowace irin cuta, kuma mafi yawansu ba a ƙasashe masu arziki suke ba. Ina jin takaici in na ji an ce ciwon masu kuɗi ne. Kawu bai taɓa mallakar ko moto ba.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi tsanani. Na ce muku zuciya tana da lantarkinta. Tsokar da ke yunwar jini takan rikita shi. Maimakon dukan tsoka ta matse tare, sai kowane yanki ya yi nasa, zuciya ta koma karkarwa kawai, ba ta tura ko cokali ɗaya. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan mutum ya faɗi a sume. Wannan shi ne tsayawar zuciya, kuma ya fi aukuwa a awar farko. Shi ke kashe yawancin waɗanda ba su kai asibiti ba. A asibiti akwai na'urar da ke ba zuciya girgizar lantarki ta maido ta kan hanya. A gida babu. Ƙwaƙwalwa kuwa in ta rasa jini minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa.

Amma hannun mutum yana iya zama famfo na ɗan lokaci. In babba ya faɗi, ka girgiza kafaɗarsa, ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi, ko yana wani irin shaƙuwa jefi-jefi, ka yi kururuwa a zo. Wani ya nemo mota ko ma'aikacin lafiya, a birni a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba a katifa ba. Mafi ƙarfi a wurin ya durƙusa, ya aza gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ya ɗora ɗaya hannun a kai, ya miƙe gwiwar hannu. Ya danna ƙirjin ya shiga santimita 5 zuwa 6, ya saki ya taso, ya sake dannawa, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a daƙiƙa. Zuciya tana matsuwa tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya, jini ya ɗan kai ƙwaƙwalwa. Aikin yana da gajiyarwa, saboda haka a riƙa karɓar juna kowane minti biyu, kada a tsaya sai mai taimako ya iso. Kada a ɗura masa ruwa, kada a zaunar da shi. In ku ƙarfinku bai kai ba, bakinku ya kai: ku gaya wa babba inda zai sa hannu, ku riƙa ƙirga masa.

Kada ku gwada wannan a kan abokinku mai numfashi, za ku ji masa ciwo. Ku cika buhu da tsummoki ko ƙaiƙayi, ku kawo aji, ɗaya yana dannawa, ɗaya yana riƙe da agogon malam.